Nasiha ga masu tura labarin "an halasta auren jinsi"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hukuncin auren jinsi a Musulunci ba ya buƙatar dogon Turanci. Aure yana ƙulluwa ne tsakanin namiji da mace, da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu, da siga. Inda namu ke zamewa shi ne wajen yaɗa labari da jifan mutane, kishi ya rufe musu ido.

Ku tuna hayaniyar watan Yulin 2024 kan Yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu ranar 28 ga Yuni tare da Tarayyar Turai. Kafin ka ce kwabo, WhatsApp ya cika da "an sayar da mu", wai yarjejeniyar ta halasta auren jinsi, har a kan mimbari an yi tsinuwa. Masu tsinuwar nawa ne suka buɗe takardar? Tana nan a intanet, babu inda ta halasta auren jinsi. Kuma ko da ta yi, sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya rattaba wa hannu a Janairun 2014 ba a soke ta ba: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, 10 ga wanda ya ɗaura ko ya shaida. Halastawar ta faru ne a wurare irin su Holan a 2001, Afirka ta Kudu a 2006 da Amurka a 2015.

Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo da labari ku yi bincike. In saƙo ya shigo wayarka, duba kwanan wata tukuna, don sau da yawa tsohon bidiyo ne aka sake ɗumamawa. Sannan ka tambayi wanda ya turo: wace doka ce, wane sashe, wace majalisa ta zartar? In amsarsa "haka aka turo min" ce, to a nan labarin ya kamata ya mutu. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Mafi muni kuwa shi ne kama suna. A ɗauko hoton saurayi saboda tafiyarsa ko muryarsa, a rubuta "ɗan luwaɗi" a ƙasa, a watsa. Wannan ƙazafi ne. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗa ƙarara cewa wanda ya jefi mutum da wannan kalma za a yi masa haddi, kuma haddin ƙazafi bulala 80 ne, a daina karɓar shaidarsa, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 4. Binciken asirin mutane ma an hana. Tara matasa da gorori a je gidan wani kuwa zalunci ne tsantsa, domin hukunci na alƙali ne, ba na 'yan unguwa ba.

Wanda ya riga ya tura irin wannan, gogewa kaɗai ba ta isa ba. Ya koma zauren da ya tura, ya rubuta cewa abin bai tabbata ba, ya roƙi waɗanda suka ɗauka su janye. In ya ambaci sunan wani, ya wanke shi a gaban mutanen da ya ɓata shi, sannan ya nemi yafiyarsa.