Lasifikar hagu

Waɗanda suka leƙo ɗakina bayan ƙaramar Sallah sun ga kayan sautin nan da na sayo na hannu, amfilifaya ɗaya da lasifika biyu dogaye masu akwatin katako. Ba zan faɗi kuɗin ba, domin uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. Na yi wajen wata guda ina jin daɗinsu. Wani dare bayan isha'i na kunna tsofaffin waƙoƙin kalanguna, sai na ji ta hagu ta yi sanyi, kamar an lulluɓe ta da bargo. Ta dama tana ta zuba aiki abinta.

Na fara da wanda ya sayar mini. Na kira shi na gaya masa maganganun da yanzu ba zan so a maimaita mini ba. Daga nan na koma kan autana, saboda na ga ɗan tudun nan na tsakiyar lasifikar ya lotsa, shatin yatsa ƙarara. Na kulle kekensa sati guda. Sai ɓeraye, na sayo tarko har biyu. Da duk wannan bai yi ba, na kama abin murɗa balans, mai raba ƙara tsakanin hagu da dama, na karkatar da shi hagu, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan kullum har na ji sautin ya dawo tsakiya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ta wajen tagar tana neman fasa mana kunne fa." Na ce mata harkar sauti ba girki ba ce. Ta ce to, ta saki labule.

Ranar Asabar na ɗauko mai gyaran nan na wajen Ƙofar Ƙaura, kun san shi, mai tabaran da aka ɗaure ƙafarsa da wayar tagulla. Ni na biya kuɗin mashin. Babu wuta, na tayar da janareta. Kuma kun san abin da ƙarar janareta ke jawowa a unguwarmu: ko minti biyar ba a yi ba sai ga ƙanen uwargida da caja a hannu, wai ya zo gaishe da yayarsa.

Dole in tsaya a kan yaron nan. Shi ne wanda ya ari babbar rigata ta shadda ya tafi Daura Sallar Gani, ya je bakin rijiyar Kusugu ya ɗauki hoto a cikinta ya ɗora a Facebook, mutane suna ta rubuta masa "sai Alhaji, sai Alhaji", bai ce wa kowa aro ba ce. Ya dawo mini da ita bayan sati uku da tabon manja a daidai aljihu, ya dubi tsabar idona ya ce ai da ma da tabon ya karɓa. Rigar da sau biyu kawai na sa! Har yau tana cikin akwati, mai wanki ya ce ya yi iya yinsa. Kuma duk sanda na tayar da maganar sai yayarsa ta ce in yi haƙuri yaro ne. Yaro da gemu. Yaron da ke cin tuwo malmala uku a gidana ya kuma tambaya ko akwai saura. To shi ne ya samu wuri a kan tabarma, ya jona wayarsa a soket ɗin da ke kusa da amfilifaya, ya miƙe ƙafa kamar wanda ya sayi tikitin kallo.

Mai gyara mutum ne marar hayaniya. Ya cire wayoyin bayan lasifikun, ya ɗora mitarsa a kan ta hagu. A bayan akwatin an rubuta om 8, wato awon yadda lasifika ke turje wa wuta, mita ta nuna 6 da 'yan ɗigo. Na yi wuf na ce, "Ka gani ko? Ta rage biyu!" Ya ce, "A'a Alhaji, haka take. Mita da wutar batir take aunawa, kullum tana nuna ƙasa da abin da aka rubuta." Ya ɗora a kan ta dama, ita ma 6 da 'yan ɗigo. Sai ya zaro batir ɗan ƙarami na tocila, mai bolt 1.5, ya taɓa shi da wayar kowace lasifika. Kowacce ta yi "ɗuf", faifanta ya yunƙuro waje. Ya ce duk biyun da ransu. Tudun da ya lotsa kuwa ya ce muni kawai ya yi, ba ya rage ƙara yadda kunne zai lura. Autana yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da aka faɗi haka. Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi.

A nan ne ma ya gano cewa a garin bincikena na jona wayar ta dama a juye, ja a gurbin baƙi. Ya ce in aka yi haka, faifan ɗaya na turowa ɗayan na ja, sai ƙarar ganga ta riƙa cinye junanta a tsakiyar ɗaki. Ya gyara. Ƙanen uwargida ya ce, "Yaya, ashe kai ma injiniya ne." Na yi kamar ban ji ba. Daga baya na gane wataƙila rabin maganar kawai na ji.

Sai aka zo awo. Ya buɗe wata manhaja a wayarsa mai auna ƙara da desibel, ya ciro tef irin na tela ya auna mita ɗaya daidai daga gaban kowace lasifika, ya ja layi da alli a kan ledar ɗakina. Ya ce nisa ba abin wasa ba ne, in ka ninka shi sau biyu a fili ƙara na sauka da wajen desibel 6, don haka dole wayar ta tsaya wuri iri ɗaya. Ya sa aka kai janareta can bayan gida. Bai yarda a gwada da waƙa ba, wai waƙa hawa take tana sauka; ya saka wani shuuu irin na rediyon da ya ɓace tasha, yana kunna lasifika ɗaya a lokaci guda. Ta hagu, marar lafiyar tawa, ta nuna 82. Ta dama ta nuna 73.

Na ce ai ya juya lissafin ne. Ya sake, haka dai. Ya ce, "Alhaji, bambancin desibel 10 kunne na jin sa kamar ninki biyu. Ta hagun nan ta kusa ninka ta dama." Daga kicin na ji an ajiye murfin tukunya da ƙarfin da ya wuce na ajiye murfin tukunya.

Ya duba balans ya ga inda na kai shi, ya ɗan fesa masa maganin wanke ƙura, ya murɗa shi gaba da baya, ya tsayar a tsakiya. Ya sake awo: 82 da 82, wani lokacin ɗaya ta leƙa 81 ta dawo. Na zauna a kujerata ta tsakiya, aka kunna duka biyun. Wallahi ta hagu a lulluɓe take kamar jiya. Na ce wayarsa ƙarya take yi. Ya ce, "Ai ba na musu, kunnen waya ba na awon gaske ba ne. Amma in ma ƙarya take, ƙarya ɗaya ta yi wa duka biyun."

Na kafe. Ya ce to bari a bi ta hanyar da ba ta buƙatar waya. Ya musanya wayoyin a bayan amfilifaya, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Ya ce in amfilifaya ce ke da ciwo, ciwon zai ƙaura dama. Aka kunna, hagu dai. Na miƙe tsaye na ce, "Alhamdu lillahi, lasifikar ce! Tun farko na faɗa!" Bai yi gardama ba, ya tattare hannun riga ya ɗauki akwatunan nan masu nauyin buhun gero ya musanya musu wuri, yana nishi, ƙanen uwargida ko motsi bai yi ba balle ya kama masa. Aka kunna. Hagu dai. Waccan da na zarga ta koma dama ta warke sarai, lafiyayyar ta zo hagu ta kamu.

Mai gyara ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya dubi labule, ya dubi kusurwar ɗaki, ya kawo wayarsa daidai inda kaina yake ya sake awo, bai ga komai ba. Sannan ya ce, cikin ladabin da har yanzu yake ƙona mini rai, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri, juya kujerar ka ba su baya."

Na juya. Ku dubi hoton nan da kyau: magidanci, mai 'ya'ya biyar, zaune a kujerar roba a tsakiyar ɗakinsa yana fuskantar bango da kalandar bara, kamar ɗan firamaren da aka sa horo. A bayana shuuu na tashi. Ya ce, "Wacce ce ta yi ƙasa yanzu? Nuna da hannu." Na ɗaga hannun hagu da ƙarfin gwiwa, na nuna baya. Hannun yana sama na tuna cewa na juya. Wadda nake nunawa ita ce ta wajen ƙofa, wadda daƙiƙa goma da suka wuce na rantse tana da lafiya. Na so in sauke hannun a hankali kamar ina sosa ƙeya, amma an riga an gani.

Ɗakin ya yi tsit, sai shuuu. Mai gyara ya zagayo, ya murza yatsunsa biyu kusa da kunnena na dama, na ji sarai. Ya murza kusa da na hagu. Ina ganin hannunsa ta gefen ido yana motsi, ba na jin komai. Ya ce, "Ka ji?" Na ce, "Ka fara?"

A nan yaron nan ya fashe. Ba dariyar mutane ya yi ba. Ya fara da wani tsiii ta hanci, ya faɗi gefe a kan tabarma, ya riƙe ciki, ya buga ƙafa har ya fizge cajarsa daga bango, ya tashi zai fita ya dawo ya sake dubana ina fuskantar kalanda, ya sake zubewa. Yana cewa, "Ka fara? Wai ka fara!" Ya rarrafa har bakin kicin yana kiran, "Yaya, zo ki ga, amfilifayar maigidanki ce ta ƙone!" Ita kuma ba ta fito ba, amma na ga labule yana rawa. Ni kuwa na rasa yadda ake juyo da kujera cikin mutunci, don haka na ci gaba da zama ina karanta watan Disamba.

Mai gyara, Allah ya saka masa, bai yi dariya a gabana ba. Ya karɓi kuɗinsa cif, ya ce kayan lafiyarsu ƙalau, in riƙe su da kyau. Sai da ya hau mashin na hango kafaɗunsa suna girgiza.

Litinin na je asibiti. Dauɗa ce ta toshe kunnen. Ma'aikaciyar ta tambaye ni da me nake sosawa, na ce murfin biro, wani lokacin tsinken ashana. Ta ce da su nake dannata ciki kamar mai ɗura bindiga. Aka ba ni maganin ɗigawa na 'yan kwanaki, na koma aka wanke da ruwan ɗumi. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, wasunku na cin abinci. Da na fito titi sai na ji ashe mashinan Katsina ta ɓangare biyu suke wucewa.

An buɗe wa auta kekensa, na ƙara masa da kuɗin alewa, ya karɓa ba godiya. Wanda ya sayar mini da kayan na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Yaron nan kuwa yanzu duk inda ya gan ni, ko a masallaci ne, sai ya zagayo ta hagu ya gaishe ni da ƙarfi. Shekaranjiya ma ya aiko wai ko zan ara masa hular nan tawa ta zanna, akwai ɗaurin aure a Dutsin-Ma. Tarkunan biyu suna nan a bayan lasifika, ɗaya ya kama ƙadangare.