Ba duk taron jama'a ne shawara ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in dai an tara jama'a a zaure an miƙa musu makirufo, to an yi shawara da su. Ni dai ban yarda ba. Kowa ya san irin taron nan: manya a babban teburi, jawabi na bin jawabi, sai can da yamma mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, tambaya uku kacal za a karɓa. Mai ƙarfin murya da wanda aka riga aka tsara da shi su ne za su samu. Matar da ta fi kowa sanin matsalar, don ita ke kwana da ita ta tashi da ita, tana can baya ta yi tagumi. Takardar bayan taro kuwa tun daren jiya aka buga ta.

Shawarar da nake nufi daban ce. A fitar da mahalarta ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ba zaɓe ba, yadda za su yi kama da al'ummar kanta: maza da mata, tsoho da matashi, mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba. A kawo masana daga ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna, kowa ya baje hujjarsa, jama'a su yi masa tambayar ƙure. Sannan a kasa mutanen rukuni-rukuni, kowane da mai lura da zai hana mutum ɗaya cinye lokacin kowa. Kuma a biya su ladan zama, in ba haka ba wanda sai ya fita yake samun na ranar ba zai zo ba, a koma gidan jiya.

Masu cewa talaka ba zai gane al'amura masu sarƙaƙiya ba, su duba aikin James Fishkin na Jami'ar Stanford. Tsarinsa shi ne a ji ra'ayin mutane kafin zama, a sake ji bayan sun tattauna. A 1994 aka fara gwada shi a Manchester ta Ingila, kan aikata laifuka. A 2015 an yi shi a Tamale ta ƙasar Ghana kan ruwa, tsaftar muhalli da abinci, kuma da yake da yawa daga mahalartan ba su yi nisa a boko ba, sai aka nuna musu bayanan a bidiyo. Sun tattauna sarai.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne bayan an tashi. Faransa ta tara mutum 150 ta hanyar ƙuri'a a 2019 don su nemo hanyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Watanni suka yi suna aiki, suka fito da shawarwari 149 a 2020. Shugaba Macron ya yi musu alkawarin miƙa su gaba ba tare da tacewa ba, sai ga shi nan take ya ajiye uku, ciki har da rage gudun mota a manyan tituna zuwa kilomita 110 a awa. Dokar da ta biyo baya a 2021 ta rage wa da yawa daga sauran kaifi. Da aka ce mahalartan su auna yadda gwamnati ta ɗauki aikinsu, maki uku da ɗan ɗoriya suka ba ta cikin goma. A ganina wannan ya fi rashin kiran taron ciwo, don wanda aka ɓata wa lokaci sau ɗaya da wuya ya sake amsa gayyata.

Shi ya sa tsarin yankin masu magana da Jamusanci a Beljiyam ya fi kwanta mini. Tun 2019 suna da majalisar 'yan ƙasa ta dindindin mai mutum 24, su ma da ƙuri'a aka fitar da su, kuma su ke zaɓar batun da wani taron 'yan ƙasa daban zai tattauna ya ba da shawara a kai, ba 'yan siyasa ba. Majalisar dokoki na iya ƙin shawarar da ta fito, amma dole ta zauna da 'yan ƙasar ta faɗi dalilinta.