Tiyatar ba ita ce ƙarshen magana ba

Wani labari da na karanta ya yi gaskiya da ya ce gyaran matsewar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya yana ceton yara. Tun 1944 ake yin sa. Amma bai taɓo abin da kan biyo baya ba, nan kuwa ya fi damuna.

An yi wa ƙanena aikin yana jariri, muka ɗauka an rabu da ciwon. Yana da shekara 26 ciwon kai ya addabe shi, ƙafafunsa na saurin gajiya in ya hau bene. Likita ya auna jininsa a hannun dama da ƙafa, na hannu ya hau, na ƙafa ya yi ƙasa. Ashe wurin ne ya sake matsewa.

Hawan jini kan dawo ko da wurin lafiya lau yake. Wani kuma bangon jijiyar ne ke kumbura inda aka yi faci, ba wata alama, sai hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna.

Iyaye, don Allah kada a daina kai su wurin likitan zuciya don sun girma. A kuma adana takardun aikin farko, namu sun ɓace, mun sha wuya kafin a gane irin ɗinkin da aka yi masa.