Nawa ake biyan mai aikin kwamfuta? A nan ana dubawa, a gida ana ɓoyewa

Duk matashin da ya koyi aikin kwamfuta a Kano ko Kaduna ko Zariya, akwai tambayar da take jiran sa a ƙarshen ganawar neman aiki: "Nawa kake so mu biya ka?" Yawancinsu a duhu suke amsa ta. Ba su san abin da ake ba wanda ya riga su shiga ba, ba su san tazarar da ke tsakanin Legas da Abuja da Kano ba, sai su faɗi abin da ba zai sa a ce su tashi su tafi ba. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin zaman da na yi ina wannan sana'a a Manchesta ya nuna mini cewa rashin sanin kuɗin aikinka ba ƙaddara ba ce.

A nan Ingila mutum ba ya zuwa ganawa sai ya yi bincike. Akwai shafin ITJobsWatch da ke tattara tallan ayyuka: ka rubuta sunan aikin da garin, ya fito maka da albashin tsakiya, wato wanda rabin ayyukan suka fi shi, rabi ba su kai shi ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ONS, kowace shekara tana ɗaukar kashi 1 cikin 100 na ma'aikatan da ake cire wa haraji daga albashi, ta nemi bayani daga inda suke aiki, ta wallafa sana'a-sana'a, yanki-yanki. Da wannan lissafin gwamnati take yanke mafi ƙarancin abin da za a biya baƙon da aka ɗauko da bizar aiki, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga shi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara.

Amurka ta fi nan yin nisa a wannan harkar. Hukumarsu ta ƙididdigar ƙwadago ta ce a watan Mayun 2023 albashin tsakiya na mai rubuta manhaja dala 132,270 ne a shekara, shi kuwa wanda ake kira idan kwamfutar ofis ta ƙi tashi bai kai rabin haka ba. Mu a gida dukkansu "ɗan kwamfuta" ne, kuma masu ɗaukar aiki suna cin moriyar wannan kuɗin goro: a ɗauki yaro ɗaya ya gina shafin kamfani, ya ja wayar intanet, ya gyara firinta, ya kula da Facebook, a albashin mutum ɗaya. Jihar Kolorado tun 2021 ta wajabta rubuta albashi a tallan aiki, birnin Niyok ya bi sahu a 2022, Kalifoniya a 2023. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 da ta hana tambayar mai neman aiki nawa ake ba shi a tsohon wurinsa. Ingila ba ta da irin wannan dokar, shi ya sa har yanzu ake ganin tallan da babu adadi a ciki, amma aƙalla akwai wurin dubawa.

A gida fa? Talla zai ce "albashi mai tsoka" ko "za a daidaita". Ka shiga Glassdoor, shafin da ma'aikata ke saka albashinsu, ka nemi garuruwanmu na Arewa, abin da za ka tarar bai taka kara ya karya ba, don 'yan kaɗan ne suka saka nasu. Laifin ba na kamfanoni ba ne kaɗai. Mu kanmu ba ma faɗa. Wani tsoron bakin mutane yake, wani ya san ranar da dangi suka ji adadin, wayarsa ta daina hutawa, wani kuma kunya ce kawai. Na fahimci duk wannan, ba na raina shi. Amma babu manomin da zai kai buhun riɗi Dawanau bai buga waya ya ji yadda kasuwa ta kwana ba. Me ya sa mai sayar da ƙwaƙwalwarsa ne kaɗai zai shiga ciniki ido rufe?

Ɗan yayata ya sami aikin nazarin bayanai a wani kamfani a Abuja. Da na ce ya tsaya ya tambayi na ciki kafin ya amsa, cewa ya yi, "Kawu, ni dai in samu in shiga, daga baya a gyara." Na ce, "Ɗana, daga baya ba a gyarawa, a kan abin da ka fara da shi ake ɗora ƙari." Bayan ya shiga ya gano abokin teburinsa, aiki iri ɗaya, ya fi shi albashi nesa ba kusa ba. Ba a zalunce shi a takarda ba, abin da ya faɗa da bakinsa aka ba shi.

Sai dai adadi shi kaɗai yana ruɗa mutum, kuma a nan nake jan kunnen masu ɗaukar albashin Turai su buga shi da naira. A ce an ba ka fam 45,000 a Ingila. Fam 12,570 na farko babu haraji, sauran a cire kashi 20 na haraji da kashi 8 na inshorar ƙasa, abin da zai shigo hannunka a wata bai cika fam 3,000 ba, tun kafin a taɓa fansho. Daga nan kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma, gas na ɗumama ɗaki da hunturu. Wannan kuɗin a Manchesta mutum yana numfashi, a Landan kuwa mai iyali haya ce za ta cinye rabinsa ko fiye. Haka tsakanin Legas da Kano.

A Najeriya kuma sai ka tambayi adadin na yaushe ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 a ƙarshen shekarar, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Adadin da wani ya faɗa maka shekara biyu baya ya riga ya mutu. Mai aiki daga gida wa kamfanin waje ya tambaya tun farko: da dala za a biya ko da naira? Wa zai ɗauki nauyin data da man janareta? A kamfanin gida kuma, akwai asibiti? Ana zuba kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki?

Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan 3 a aikin kwamfuta, kuma yaranmu da yawa sun shiga. Ina murna da hakan. Amma in aka yaye su ba tare da sun san kuɗin aikinsu ba, ma'aikata masu araha kawai aka ƙera wa wasu. Ba sai mun jira Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba. Ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da ke haɗuwa a Kano da Kaduna za su iya raba fom sau ɗaya a shekara, babu suna, babu sunan kamfani: aikinka, garinka, shekarunka a sana'a, abin da kake karɓa. Mu da muke waje mu saka namu tare da kuɗin haya, don kada adadin ya yaudari kowa. 'Yan uwanmu kuma da Allah Ya ɗaukaka suka kai matsayin ɗaukar ma'aikata, don Allah idan za ku saka talla ku rubuta daga naira kaza zuwa kaza.