Tsaftar Kigali ba ita ce warakar Ruwanda ba

Tun da gwamnoninmu na Najeriya suka kwashi jiki suka tafi Kigali, babban birnin Ruwanda, a watan Agustan 2023, wai koyon shugabanci, wata waƙa ta kama bakin 'yan boko: mu ma irin shugaban Ruwanda Paul Kagame muke buƙata. Ko zaɓen Yulin 2024, da aka ce mutumin ya cinye kashi 99 cikin ɗari, bai sa sun ji kunya ba. Ka tambaye su hujja, ba ta wuce bakin titi. Babu leda a ƙasa, fitilu na ci, kowane ɗan acaɓa da hular kwano. Shi ke nan, ƙasa ta warke.

Ta warke daga me? Cikin kwana ɗari a 1994 aka kashe mutum wajen 800,000, akasarinsu 'yan Tutsi, da yawa da adda, a hannun maƙwabtan da suke zuwa coci ɗaya. Irin wannan miki tsintsiya ba ta share shi.

In akwai abin da ya taɓa mikin, a ƙauye yake, inda masu yabon ba sa zuwa. Kotunan gacaca sun zauna a fili, a kan ciyawa, daga 2002 zuwa 2012, mutanen gari suka zaɓi alƙalai daga cikinsu, aka saurari ƙara kusan miliyan biyu. Wanda ya amsa laifinsa ya nuna ramin da ya jefa gawa, sai a sassauta masa. Ta haka mata da yawa suka samu ƙasusuwan mazajensu suka binne. Ga shirin Girinka na 2006: a ba gidan talaka saniya, in ta haihu ya miƙa wa maƙwabci 'yar maraƙar. Ga inshorar lafiya ta karkara da ta sa manomi ke zuwa asibiti ba sai ya sayar da akuya ba. Ban taɓa jin mai kiran "a ba mu Kagame" ya ambaci ko ɗaya ba. Bulalar kawai ke burge shi, don ya tabbata ba a bayansa za ta sauka ba.

Bulalar kuwa tana da waɗanda take ci. Gacaca ba ta saurari kisan da ake zargin mayaƙan RPF, 'yan tawayen da Kagame ya jagoranta suka ƙwace mulki a 1994, da yi ba, masu wannan makokin har yau a ciki suke haɗiye shi. Kizito Mihigo, mawaƙin da ya tsira daga kisan ƙare-dangin 1994, ya nemi a tausaya wa duk mamata. An kama shi a 2014, ya mutu a hannun 'yan sanda a 2020, aka ce rataye kansa ya yi. 'Yar adawa Victoire Ingabire ta sha shekara takwas a kurkuku. Titin nan mai ƙyalli ma, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta daɗe tana ba da rahoton yadda ake kwashe 'yan talla da mabarata da yaran titi a kulle a gidan tsare mutane na Gikondo da ke Kigali. Talaucin da aka kulle a ɗaki, baƙo ba zai gan shi ba, amma yana nan.

Gwamnati ta ce talauci ya sauko zuwa kashi 27 cikin ɗari. Madalla, in haka ne. Sai dai tun 2019 jaridar Financial Times ta sa alamar tambaya a kan alƙaluman baya. Mafi yawan 'yan ƙasar har yanzu ɗan fegi suke nomawa a gefen tsauni, alhali an samu kuɗin manna sunan Ruwanda a hannun rigar Arsenal.

Za a ce ƙasar da ta ga irin wannan jini ba ta isa a sakar mata baki ba. Shekara talatin ke nan ana faɗin haka, gyaran tsarin mulkin 2015 kuma ya share wa mutum ɗaya hanya har 2034.

In gwamnonin za su koma, su bar otal su shiga ƙauye, su tambayi yadda ake raba saniyar da wanda ke biyan kuɗin maganin. Wancan karon dai hotuna suka kawo mana.