Wai har yanzu ina buga wa mutane takarda

Jiya a gidan biki a Fadaman Mada gwaggona ta riƙo hannuna tace "ke 'yar nan har yanzu kina nan kina buga wa mutane takarda?" Wallahi da tausayi ta faɗa, ba da mugunta ba, amma maganar ta tsaya min a rai har na dawo gida, shi yasa nace bari dai in fito in faɗi abinda ke cikina.

Ni sakatariya ce kuma ina son aikina. ND ɗina a Federal Poly ta Gwallameji da ke Bauchi nayi, kwas ɗin OTM, wanda da ake ce ma Secretarial Studies, kuma ko a makaranta ana mana kallon waɗanda suka rasa Akanta ne suka faɗo nan. Mun sha wuyan shothan, wato rubutun sauri da alamomi, mun koyi buga kibod ba tare da kallon yatsu ba, amma gaskiya karatun gaske sai da na zauna a teburin nan na ƙofar oga na fara shi.

Akwai wani dattijo da na tarar a ofis ɗinmu, Baba muke ce masa, tun kafin a cire Gombe daga Bauchi a 1996 yake wannan aiki, zamanin tafireta da kabon fefa, lokacin da in kayi kuskuren harafi ɗaya a ƙasan shafi wani sa'in sai ka sake bugawa daga farko. Ranar da na fara rubuta minti na mitin shafi 9 na kawo ina ta murna, duk wanda yayi tari ma na rubuta. Baba ya sa tabarau ya ɗauki jan biro ya dinga ja har raina ya soma ɓaci, sannan yace "ɗiyata, ba surutun mutane ake so ba, me aka yanke, wa zai yi, yaushe zai gama." Ya dawo shafi 2. Daga ranar na fara sauraron mitin da wani irin kunne daban, na gane yadda ake yanke hukunci, waye ke magana dan a ganshi, waye in yayi shiru toh akwai matsala.

Kowace takarda ta teburina take bi. Ni ke shigar da ita rajista, in sa mata lamba, in san fayil ɗin da zata shiga, in ta fita a sa hannu a littafin disfach. Ta haka na koyi yadda ake tsara kasafi, yadda ake rubuta wa banki, yadda ake ba mutum kweri ba tare da an ci mutuncinsa ba. Excel ma da kaina na koya da yamma in an tashi, yanzu mutanen akawu ni suke kira in lissafi ya rikice musu.

Sai riƙon sirri, wanda shi ne ƙashin bayan abin. Kin buga takardar sallamar mutum da safe, da azahar ku haɗu a hanyar masallaci yana tambayarki "Hajiya an sa hannu kuwa?" dole ki haɗiye, kiyi masa fatan alheri a zuci. Wannan ya gyara min baki har a gida.

Ban ce babu ɗaci ba fa. Ana aikenki sayo abinci kaman ba ki da aikin yi, oga bai tashi ba ke ma ba ki tashi, ga masu ƙazafi da in sun ga mace a ofishin namiji sai zuciyarsu ta tafi wani waje, Allah ya shirye su. Albashin ma sai haƙuri.

Amma ni burina ya girma ne a kujerar nan. Na sayi fom ɗin HND, in Allah ya yarda bayan shi zan ɗora digiri a NOUN, jami'ar karatu daga gida, tunda ana iya haɗawa da aiki, so nake wata rana in riƙe sashen mulki gaba ɗaya. Gwaggo kuma na mata alkawarin ranar asabar zan je har gida in zauna in mata bayanin aikin da kyau.