Tsohon faranti na cin abinci ne, ba na kallo kaɗai ba

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita a wajen masu sha'awar tara tsofaffin farantan tangaran, kofuna, butocin shayi da tambulan na gilashi. Da zarar abu ya shigo hannunsu sai su wanke shi, su jera shi a kabad, su kulle, daga nan kuma ba zai sake ganin abinci ba har mai shi ya bar duniya, magada su rasa yadda za su yi da shi. A ra'ayina wannan asara ce, domin an ƙera kayan nan ne don a ci a sha da su, kuma mafi yawansu sun fi ƙarko fiye da yadda masu su suke zato. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya san abin da ke hannunsa kafin ya zuba masa abinci.

Tangaran na asali ana gasa shi ne a wutar da ta kai kusan digiri 1,300, har yumɓun ya narke ya haɗe ya zama kamar gilashi, ba ya shan ruwa, ba ya riƙe wari. Mutanen Sin sun shafe ƙarnuka suna yin sa, musamman a birnin Jingdezhen, Turawa kuwa suna saye da tsada ba tare da sun san sirrinsa ba, sai a shekarar 1710 da aka kafa masana'antar Meissen a Jamus bayan gwaje-gwajen Johann Friedrich Böttger. A ƙarshen wannan ƙarnin ne Josiah Spode a Ingila ya daidaita haɗin da ake sa tokar ƙashin shanu a cikinsa, har ta kan kai kusan rabin haɗin, abin da ya ba da tangaran fari tas, siriri, wanda haske ke ratsawa, amma mai ƙarfi. Wanda bai sani ba yakan ɗauka cewa sirantar kofi alamar rauni ce, alhali sau da yawa akasin haka ne.

Abin da ya fi ƙarfafa ra'ayina shi ne yawan kayan. Josiah Wedgwood, wani maƙerin tangaran a Ingila, ya yi wa Sarauniya Charlotte, matar Sarkin Ingila, kayan shayi a 1765, sannan ya yi amfani da sunanta ya sayar da irin wannan kaya ga gidajen da ba na sarauta ba. A daidai wannan zamanin aka ƙware wajen ɗauko zane daga allon tagulla a kan siririyar takarda a manna shi a jikin faranti, wanda hakan ya sa ana iya fitar da dubban farantai masu zane iri ɗaya. Saboda haka shuɗin farantin da wani yake kaffa-kaffa da shi, mai yiwuwa yana da 'yan uwa bila adadin a duniya. Idan abu ya tabbata ba kasafai ake samun irinsa ba, ko kuma yana ɗauke da tarihin iyali wanda ba a iya maye gurbinsa, to a bar shi a kabad, ban ja ba. Amma irin waɗannan 'yan kaɗan ne.

Sanin faranti daga gindinsa ake farawa. Mai tara kaya na gaskiya yakan kifa shi kafin ya dubi adonsa, domin a nan hatimin maƙera yake. Takubba biyu shuɗɗa da suka gitta juna alamar Meissen ce tun shekarun 1720, sai dai tana cikin alamomin da aka fi kwaikwayo, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce. Wata dokar haraji da Amurka ta yi a 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya, shi ya sa farantin da ke ɗauke da sunan ƙasa galibi bai girmi 1891 ba. Wanda kuma aka rubuta masa cewa ana iya sa shi a injin wanke kwanoni, to ɗan baya-bayan nan ne, komai tsufan da mai sayarwa ya jingina masa. 'Yan kasuwar wannan fanni sukan ware kayan da suka kai shekara 100 daga waɗanda suka ɗan manyanta kawai, amma a wajen cin abinci shekaru ba su ne ma'auni ba.

Ma'aunin shi ne rufin ƙyallin da ke saman farantin, kuma a nan nake so a natsu. Shekaru masu yawa maƙera suna sa dalma a cikin wannan rufi domin ya narke da wuri ya kuma yi sheƙi, suna sa sinadarin kadmiyam a launin ja da rawaya, dukansu biyu kuma guba ne, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa sai a 1971 ta fara ƙayyade yawan dalmar da aka yarda ta fito daga kwanon cin abinci. Idan zanen yana ƙarƙashin rufin, kamar yadda yawancin shuɗin zane yake, abinci ba ya taɓa shi. Idan a sama aka shafa shi aka sake gasawa da ƙaramar wuta, za a ji tudunsa a yatsa, ana kuma iya ganin inda cokali ya kankare shi, to abin da ya kankaru ɗin cikin wani ya shiga. Abinci mai tsami da mai zafi su suka fi janyo dalma, haka ma barin abinci ya kwana a ciki. Jajayen farantan Fiesta da aka fara fitarwa a Amurka a 1936 har yuraniyam, sinadarin da ake makamashin nukiliya da shi, aka sa a launinsu. Irin waɗannan kyan ɗan maciji gare su, bango ya fi dacewa da su. Butar gilashi mai nauyi da walƙiya, wadda ake kira kiristal, takan ƙunshi dalma kashi 24 cikin 100 ko fiye, saboda haka ba a ajiye abin sha a cikinta na kwanaki. Game da yara ƙanana da masu juna biyu kuwa, ni ba na yarda a ba su abinci a duk wani tsohon kwanon da ba a tabbatar da lafiyarsa ba, domin gubar dalma taruwa take yi a jiki a hankali, kuma 'yan sandunan gwajin da ake sayarwa suna iya nuna akwai ta, amma shirunsu ba tabbacin babu ba ne.

Da an tace waɗannan, abin da ya rage yana da yawa, muddin rufin kansa ba ya fitar da dalma: fararen tangaran marasa ado, masu shuɗin zane a ƙarƙashin rufi mai lafiya, da waɗanda adonsu ya tsaya a waje ko a gefen da abinci ba ya kaiwa. Kula da su ba wuya. A wanke da hannu da ruwa mai ɗumi, a shimfiɗa tawul a gindin wurin wankin, a sa ƙyalle tsakanin faranti da faranti idan za a ɗora su, kada kuma a sa mai bakin zinariya a na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, domin ƙarfe ne, tartsatsi zai yi.

Na san za a ce idan ɗaya ya fashe saiti ya lalace. Ni wannan damuwa da cikakken saiti ita ce na fi ganin ba ta da tushe. Teburin da aka jera masa farantai shida daga masana'antu uku, waɗanda launi ɗaya ya haɗa su, ya fi burge ni fiye da saiti mai guda goma sha biyu iri ɗaya sak, kuma ɗaiɗaikun kaya sun fi sauƙin samu, tunda masu neman saiti ba sa kallon su. Kafin a saya dai a ɗora farantin a kan yatsu a ɗan ƙwanƙwasa gefensa: mai lafiya zai yi amo mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagu kuwa sautinsa a dakushe zai fito. Wanda rufinsa ya yi tsage-tsage kamar saƙar gizo, da wanda aka taɓa liƙewa da gam, maiƙo da ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a cikinsu, don haka sai a mayar da su wurin ajiye 'ya'yan itatuwa masu ɓawo ko makullai.